In Najasa Ta Komo Cikin Gini, Aikin Wa Ne Gyara?

Masu karatu ba su manta da abin da ya auku a Maiduguri cikin watan Satumba na 2024 ba, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda, ta ɓalle da daddare, gari ya waye ran 10 ga wata unguwanni da yawa na cikin ruwa. Shekara 30 ke nan tun ɓallewarta ta 1994. Mutum wajen 400,000 suka bar gidajensu. Ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa da babbar kasuwa da makarantu, waɗansu makarantun da bai kai gare su ba kuwa aka mai da su masaukin waɗanda suka rasa wurin kwana. An ba da labarin ceton mutane da rabon abinci, ya kuwa cancanci a bayar. Amma akwai sashen labarin da ba a cika tsayawa a kansa ba, shi mu ke so mu duba yau: watau abin da ruwa ya bari cikin ɗakuna bayan ya janye, da wanda ya kamata ya kwashe shi.

Ruwan da ya ratsa gari ya tashi daga zama ruwan kogi. Ya bi ta kan salga, ya cika ramukan sokawe har sun tumbatsa, ya kwaso abin da ke cikin lambatu. A gidan da ke da bayan gida irin na zamani, in rami ya cika, abin da ke ciki ba shi da wata mafita sai ya komo ta bututun da ya bi ya tafi, ya ɓullo ta bakin masai da kwatar wurin wanka. A farkon Oktoba na shekarar gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara, watau makonni bayan ruwan ya fara sauka, mutane sun soma komawa gida.

Kada a ɗauka sai kogi ya yi ambaliya irin wannan ke faruwa. Bututu ɗaya in ya toshe ya isa ya ɓata ofis ko ɗakin kwanan ɗalibai. A birnin Landan, cikin 2017, an tarar da wani dunƙulen maiƙo da tsummokin goge jiki ya toshe babbar kwatar ƙarƙashin ƙasa a unguwar Whitechapel, tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130, sai da ma'aikata suka yi mako tara suna farfasa shi. Ba kome ya tara shi ba sai man girki da a ke zubawa a kwata da tarkacen da a ke jefawa a masai. Namu bututun kuwa leda da tsumma da yashi ke toshe su.

Domin mu san girman haɗarin, bari mu leƙa wata ƙasa inda aka zauna aka ƙidaya abin da ya sami masu shara, ita ce Danmak. Ran 2 ga Yuli 2011 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a babban birninta, Kofenhagen, kusan inci 6 cikin sa'a biyu. Yawancin kwatocin birnin hanya ɗaya ce ga ruwan sama da najasar gidaje, saboda haka da suka cika sai suka yi amai cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na dubban gidaje da kantuna da ofisoshi. Daga baya hukumar binciken cututtuka ta ƙasar ta bi sawun ma'aikata 257 waɗanda suka yi aikin kwasa da gyara, ta sami 56 cikinsu sun yi rashin lafiya, watau fiye da mutum ɗaya cikin biyar. Wanda bai wanke hannu ba bayan ya taɓa ruwan ko laka, haɗarinsa ya ninka na wanda ya wanke fiye da sau biyu. Haka kuma aka ga ciwon ya fi kama masu shan taba da masu ci ko sha a bakin aiki, dalili kuwa a fili ya ke, hannu ne ke kai ƙazanta baki. Ban da wannan, mutum biyar suka kamu da cutar nan da a ke ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda ke shiga ta ƙujewa ko rauni a fata ta taɓa hanta da ƙoda, ɗaya daga cikinsu ya rasu.

To, waɗannan fa ma'aikata ne manya, a ƙasar da ba a rasa safar hannu da sabulu da ruwan famfo. In haka ta same su, yaya ke nan ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka miƙa wa tsintsiya da bokiti, ƙafa ba takalmi, aka ce ya share ajinsu kafin Litinin?

Mun san al'adar da aka saba. In abu ya ɓaci a ofis, lebura da masinja a ke kira. In a makaranta ne, sai a buga ƙararrawa a tara yara. Mu ba mu ƙi a koya wa yara share makarantarsu ba, tarbiyya ce mai kyau, mun kuwa daɗe muna goyon bayanta. Amma sharar ganye da ƙura dabam, kwasar najasa dabam. Malamin da ya sa almajiransa wannan aiki, ko da niyyarsa ta alheri ce, ya sa su cikin hanyar kwalara da taifot da atuni da ciwon shawara da tsutsar ciki gaba ɗaya.

A ƙasashen da wannan aiki ya zama sana'a mai zaman kanta, da horo da takardar shaida, an raba ruwan da ke ɓata gini kashi uku. Na farko mai tsabta, kamar na famfon da ya fashe. Na biyu mai ɗan datti, kamar na wanki. Na uku shi su ke kira baƙin ruwa, shi ne najasa da duk ruwan ambaliya da ya bi ta ƙasa, ko da ido ya gan shi garau. Hukuncin na ukun mai tsanani ne: duk abin da ke tsotse ruwa, wanda ba shi wankuwa har ciki, zubar da shi a ke yi. Katifar soso da matashi da kafet da tabarma da kwali da silin na takarda, duk sun tafi. Nan ne mutanenmu ke cijewa, ba mu kuwa ga laifin talaka ba in ya shanya katifarsa a rana ya ce ta bushe. Sai dai bushewa ba ta kawar da abin da ya shige cikin soso, ƙwan macijin ciki ma ya kan yi shekaru da rai cikin ƙasa mai laima.

Gwanayen ba su fara kome sai sun yanke wutar lantarki, sun fid da mutane, sun killace wurin don kada a taka ƙazanta a kai ta sauran ɗakuna. Su sa takalman roba da safar hannu da abin rufe hanci da ido. Sa'an nan a zuƙe ruwa, a kwashe laka tun tana da danshi, gama in ta bushe ƙura ta ke zama ta shiga hanci. Bayan haka a wanke daɓe da bango da sabulu, sai an gama wannan a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan jeri shi ne yawancinmu ke juyawa. Sai ka ga an tuttula bilic a kan laka, wari ya canja, hankali ya kwanta, alhali kuwa datti cinye ƙarfin kulorin ya ke yi tun bai kai ga ƙwayoyin ba. Ga daɓe da bango, a wuraren jiyyar kwalara a kan haɗa ruwan kulorin mai ƙarfin 0.2 cikin ɗari. Malaman lissafi sai su auna: in bilic ɗin kanti ƙarfinsa 3.5 cikin ɗari ne, awo ɗaya a ke zubawa cikin awo 16 na ruwa. A haɗa sabo kowace rana, a bar shi a kan wurin kamar minti goma, kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanke masai, don hayaƙin da ke tashi daga haɗin guba ne.

Saura bushewa, ita ce kuwa ta fi cin lokaci. Fumfuna kan fara tsirowa cikin kwana ɗaya ko biyu a kan abin da ya jiƙa, amma bangon siminti ya kan yi makonni kafin ya saki ruwan da ya sha. Gwanaye suna da injin fid da laima da na'urar auna danshin bango, ba su kuwa cewa an gama sai awo ya nuna. Ɗan kwangilar da ya shafe jiƙaƙƙen bango da fenti don babban baƙo zai zo duba aiki, ya rufe ɓarna ne kurum, in an yi 'yan watanni fentin zai kumbura ya ɓare, ɗakin na wari. Ginin ƙasa kuwa sai magini ya duba gindinsa kafin kowa ya kwana ciki. In an kawo janareta don fanka, a ajiye shi waje nesa da taga, hayaƙinsa ya sha kashe mutane cikin barci.

Ramin sokawe shi kansa, kada shugaban wani ofis ya sa lebura ya shiga. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ƙasan rami, ta fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, in ta yi yawa kuwa sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta tafi. Sau da yawa ba mutum ɗaya ke mutuwa ba, na biyu ya shiga ceton na farko, na uku ya bi na biyu. Motar zuƙa a ke kira, a kuma tabbata inda za ta juye ba bakin rafi ba ne.

Akwai wani ƙulli da ya shafi akawuna musamman. Dokokin ajiyar kayan hukuma ba su yarda a zubar da kaya ba sai kwamiti ya duba ya sa hannu, doka ce kuwa mai amfani, ita ke hana kayan jama'a yin ƙafa. Amma in kwamitin bai zauna ba sai bayan wata uku, mai kula da sito zai yi ta ajiyar katifu ruɓaɓɓu kusa da masu kyau, don tsoron kada a ce ya ci. A ganinmu ya kamata a ba shugaban wuri iko, shi da ma'aikacin tsabta da shaida ɗaya, su rubuta kayan, su ɗauki hotonsu, su zubar cikin kwana biyu, kwamiti ya bi takarda daga baya. Fayiloli da rajista kuwa ba su da madadi kamar katifa. Masu adana tsofaffin takardu su kan sa jiƙaƙƙiyar takarda cikin firiza don su tsai da ruɓa har a sami sukunin gyara. Inda wuta ba ta tsayawa, abin da ya fi sauƙi shi ne a sa safar hannu, a buɗe shafi-shafi a ɗauki hoto, a fara da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da takardun filaye da na albashi. Wanda kuma ofishinsa ke kwari, ya ɗauke waɗannan daga kantar ƙasa tun damina ba ta kankama ba.

Duk wannan kuɗi ne, mun sani. Amma mutanen Kofenhagen da suka lissafa hasararsu sun ga rigakafi ya fi araha, cikin 2012 suka fid da shirin shekaru na gyaran hanyoyin ruwan birnin, mai ayyuka wajen 300. Ba mu ce ƙananan hukumominmu su yi irinsa ba. Abin da ke cikin ikonsu shi ne su sa kuɗin yashe ramuka cikin kasafin kowace shekara kafin ruwa ya sauka, su sa wa bututun manyan gine-gine marfin nan mai barin najasa ta fita ya hana ta komowa, su kuma horad da ƙungiya ɗaya ta ma'aikata da kayan aikinta, wadda asibiti da makaranta za su kira. Zamanin En'e dubagari na da ikon shiga gida ya leƙa randa da salga, magadansa kuwa, ma'aikatan tsabtar mahalli, suna nan. Su ya kamata su sa hannu cewa gini ya gyaru kafin a mai da yara ko marasa lafiya ciki, ba ɗan kwangilar da ke jiran a biya shi ba. Takardar kuwa ta haɗa har da rijiyar da ke harabar, gama in ruwan ambaliya ya shiga cikinta sai an kwarfe ta, an zuba kulorin, an gwada ruwan, kafin a sake jefa guga.