Labarun Nesa: Mawaƙin da ya jefar da sunansa

Jama'a, labarin wannan wata daga Amurka ya fito. Labarin wani mawaƙi ne baƙar fata, sunansa Prince, da kamfanin faifai mai suna Warner Bros. Sun yi shekaru suna ja-in-ja a kan tambaya guda: waƙa ta wa ce? Ta mai murya, ko ta mai kuɗi?

An haifi Prince a garin Miniyafolis a 1958. Tun yana yaro yake kaɗa jita da ganga da fiyano. A 1977 Warner ta ɗauke shi, bai kai shekara 20 ba. Ya kafa sharaɗi: shi zai tsara kiɗansa da kansa, ba a ɗora masa wani babba a kai. Kamfani ya yarda. A 1984 faifansa Purple Rain ya zagaye duniya, kowa ya ci riba, ba a ji kansu ba.

Sai mu tsaya a nan mu gane yadda sana'ar take. A wancan lokaci, in mawaƙi ya yi waƙa, a kan babban zare guda ake fara ɗaukar muryarsa. Wannan zare shi ne uwar faifai. Daga gare shi ake juyo dubban faifai da kaset. Kamar iri yake wurin manomi: wanda iri ke hannunsa, shi ke da noman baɗi. To, bisa takardun da Prince ya sa wa hannu, uwar faifai ta kamfani ce. Kuma kamfani ke faɗin ranar da waƙa za ta fita kasuwa.

A 1992 suka sabunta yarjejeniya. Jaridu suka ce kuɗin za su iya kai dala miliyan 100. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma 5 ba. Amma kuɗin ba su kashe rigima ba. Prince mutum ne mai yawan aiki, dare da rana yana cikin ɗakin ɗaukar murya a gidansa na Paisley Park. Yana so duk abin da ya gama ya fita nan take. Kamfani ya ce a'a, a jira tsohon faifai ya gama sayuwa tukuna.

Maganar kamfani ba ta banza ba ce. Duk wanda ya taɓa kai gero kasuwa da kaka ya san abin da yawan kaya ke yi wa farashi. Sai dai manomi in ya riƙe geronsa, shi ya ga dama, kuma rumbun nasa ne. Prince kuwa shi ya yi noma, mabuɗi na aljihun wani. Nan ne takalmi ya matsa.

Ran 7 ga watan Yuni 1993, ranar da ya cika shekara 35, ya sanar da cewa ya bar sunan Prince. A ganinsa kamfani ya mai da sunan haja. Sabon sunansa wata alama ce da ta haɗa alamar namiji da ta mace. Ba ta da harafi, ba ta faɗuwa a baki. Masu radiyo suka rasa yadda za su kira shi, sai suka riƙa cewa mawaƙin da a da ake kira Prince. Dole kamfani ya aika wa jaridu alamar don su iya buga ta.

Bai tsaya nan ba. Ya riƙa fita bainar jama'a da kalmar "bawa" rubuce a kuncinsa. A Amurka, inda aka yi cinikin kakannin baƙar fata, wannan kalma tana da nauyi ƙwarai. Wasu suka yi masa dariya, suka ce ina aka taɓa ganin bawa mai miliyoyi? Da gaskiyarsu ta wani gefe. Amma ba yunwa yake kuka da ita ba, iko da aikinsa yake nema.

Ya miƙa wa kamfani sauran faifan da ake bin sa, suka rabu a 1996. A shekarar ya fitar da waƙa 36 a tashi guda, ya sa musu suna Emancipation, wato ƴantuwa. A 2000 ya koma sunansa na yanka. Uwayen faifansa na da kuwa suna hannun Warner har watan Afrilu 2014. Sa'annan aka sasanta, aka mayar masa da su, bayan shekara 21 da jefar da suna.

Bai daɗe da su ba. Ya rasu ran 21 ga Afrilu 2016, yana da shekara 57, bai bar takardar wasiyya ba. Aka buɗe ma'ajiyarsa ta Paisley Park, aka tarar da waƙoƙi jibge waɗanda bai taɓa fitarwa ba. Kotu ta naɗa masu kula da gado, su suka zama masu cewa a fitar ko a bari. A 2018 suka zaɓi wani kaset da ya ɗauka a 1983, shi kaɗai da fiyanonsa. Warner ce ta kai shi kasuwa.