Filin Matasa: Hannu ko Harshe?

 

A wannan wata za mu duba tambayar da ke raba hankalin wasu yaranmu da suka gama sakandare a fannin kimiyya, suna son aikin lafiya. Sana'o'i biyu ne ke gabansu: koya wa maras lafiya hidimar kansa, wadda ake kira okupeshinal terafi, da kuma gyaran magana, wato sipic terafi. Wace za su ɗauka?

Mu ɗauki misalin dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki. In cutar ta taɓa hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne ke mutuwa, sau da yawa kuma magana ta tafi tare da shi. Mai sana'ar farko zai koya masa riƙe buta da hannu guda, da sa riga, da cin tuwo, ya kuma duba dokin ƙofa da makewayi don kada ya faɗi. Mai gyaran magana kuwa zai zauna da shi suna lalubo kalmomin da suka ɓace, ya duba yadda yake haɗiya don kada koko ya bi masa ta hanyar numfashi. Shi ne kuma ke kula da masu in'ina da yaran da bakinsu ya yi jinkirin buɗewa.

Duka biyun ana koyonsu a nan Ghana. Jami'ar Ghana ta fara digirin sana'ar farko a Korle Bu cikin 2012, ta kuma buɗe digiri na biyu na gyaran magana cikin 2016. Jami'ar lafiya da ke Ho tana ba da digirin farko kan magana da ji. Kowanne aka gama, sai an sami lasisin hukumar ma'aikatan lafiya da dokar 2013 ta kafa kafin a taɓa maras lafiya.

To, ga abin da ya kamata ɗan zango ya auna. Mai koyar da hidima yana iya nuna abu da hannu, maras lafiya ya kwaikwaya. Amma mai gyaran magana, harshe ne kayan aikinsa. Tsohuwar da ta yi rayuwarta a Nima ko Aboabo cikin Hausa, yaya za a maido mata da bakinta da Turanci? Tafinta ba ya wadatarwa, domin tilas kunnen mai aikin ya kama kuskuren da kansa. Har ma sai ya san Hausarmu ta nan. Yaron zango da ya ce "kasa" a inda Bakano ke cewa "ƙasa" ba shi da wata cuta, haka muke faɗi. Wanda ke cakuɗa Hausa da harshen Asante da Turanci shi ma lafiyarsa lau, don yawan harsuna ba ya hana yaro magana.

Saboda haka, wanda sana'o'in biyu suka yi masa kunnen doki a zuciya, shawarata ya karkata ga gyaran magana, domin ya taso da jarin da aji ba ya bayarwa. Amma wanda hannunsa ke son ƙira da gyare-gyare, kuma ba ya jure zaman maimaita kalma ɗaya sau hamsin, kada ya tilasta wa kansa. Zango na bukatarsa shi ma, don ya san alwala da zaman tabarma da gidan haya mai makewayi ɗaya.

Kafin a cike takardar neman shiga, a nemi izini a babban asibitin da ake waɗannan ayyuka, a yini ana kallon kowanne. Gani ya kori ji. Iyaye kuma a daina cewa in ba likita ba, ba karatu.

Allah ya yi mana zaɓin alheri. Sai wata mai zuwa.