RA'AYINMU: 'Yartsana a motar sintiri

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, 'yan sanda da dama kan ajiye 'yartsanar ƙyalle mai laushi a motar sintiri. Idan suka tarar da yaro a wurin haɗarin mota, ko a gidan da aka lakaɗa wa uwarsa duka, jami'i kan durƙusa ya miƙa masa ita kafin ya tambaye shi komai. A Ostireliya kuwa, tun 1990 masu aikin sa-kai na Red Cross ke saƙa irinta domin yaran da suka firgita. Yaron da hankalinsa ya tashi bakinsa kan mutu; in ya sami abin runguma sai ya natsu, har ya iya faɗin sunan unguwarsu.

Wani zai ce rundunar da ke kukan man sintiri ina ta ga ta kayan wasa. Wannan jarida na ganin batun ya wuce raha, domin Abuja ta ga yadda yaro ke fitowa daga hannun hukuma idan babu tausayi. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da waɗanda aka kama kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya, cikinsu har da ƙananan yara da suka shafe kusan wata uku a tsare. Sun rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.

Abin takaicin shi ne doka ba ta yi shiru ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai-tsaye a Babban Birnin Tarayya, ta tanadi sashe na musamman na 'yan sanda masu horo kan sha'anin yara. Yau in aka kai yarinyar da aka ci wa zarafi wani caji ofis a Nyanya ko Kubwa, wa zai karɓe ta, kuma a wane ɗaki? Sau da yawa a gaban kanta ake yi mata tambayoyi, kowa na saurare.

Masu ɗari-ɗari da mutum-mutumi su tuna cewa malamai sun yi rangwame kan 'yartsanar yara, bisa abin da aka ruwaito game da Nana A'isha. Wanda duk da haka bai natsu ba, bargo ko ƙwallo ma sun wadatar, kuma telolin Kasuwar Wuse za su ɗinka na gida da araha.

Muna kira ga jami'an Ma'aikatar Harkokin 'Yan Sanda da na Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wanda aka kafa a 2019, da hadiman da ke tsara takardun kasafi, su ware kuɗi a fili domin horar da jami'an sashen yara, da keɓe ɗaki guda a kowane caji ofis na birnin, kana a sa 'yartsanar cikin kayan kowace motar sintiri.