Matsayin Katolikan Da Ya Sake Aure Bayan Rabuwa

Tun daga 1929 da jirgin ƙasa ya iso Kauran Namoda, baƙi daga kudu suke zuwa aikin reluwe da ciniki, cikinsu kuwa har da 'yan ɗarikar Katolika, waɗanda wasunsu suka bazu zuwa Shinkafi da Zurmi. A ƙasar da aka saba ganin bazawara ta gama idda ta yi wani aure ba tare da kowa ya ɗaga ido ba, maƙwabta sukan yi mamakin yadda mutuwar aure take zame wa Bakatolike ƙarfen ƙafa.

Dalili shi ne yana ƙarƙashin dokoki biyu da ba su jitu ba. Dokar Nijeriya ta 1970 ta ba Babbar Kotu ikon raba auren da aka yi wa rajista, muddin ya lalace har ba ya gyaruwa. Amma doka ta 1141 a kundin Coci na 1983 cewa ta yi auren masu baftisma biyu, in ya ɗauru daidai kuma aka tare, mutuwa kaɗai ke raba shi. Watau matar da ta karɓo takardarta daga kotu a Gusau bazawara ce a wurin gwamnati, matar aure ce a wurin Coci.

To, in ta sake aure fa? Ba a kore ta daga Coci ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana a 1981 cewa irin waɗannan 'yan Coci ne, su zo sujada, su yi tarbiyyar 'ya'yansu cikin addini, sai dai ba za su karɓi Jibin Ubangiji ba, in ba sun amince su zauna kamar wa da ƙanwa ba. A ƙaramar majami'a inda kowa ya san kowa, mutum ya zauna a benci alhali jama'a sun tashi karɓa, ba ƙaramin tozarci ba ne.

Marigayi Fafaroma Francis ya taɓa al'amarin sau biyu. Wasiƙarsa ta 2016, Amoris Laetitia, ta buɗe ƙofar a duba halin kowane mutum shi kaɗai, aka yi ta jayayya a kanta har a tsakanin manyan Coci. A ganinmu gyaran 2015 ne ya fi amfanar talaka, ko da yake bai yi suna ba. Coci ba ta sakin aure, amma kotunta tana iya binciken ko auren ya ɗauru tun asali, misali in dole aka yi wa yarinya. A da sai kotuna biyu sun yi hukunci iri ɗaya. Yanzu ɗaya ta isa, an ba Bishop ikon yanke shari'ar da hujjarta ta fito fili, an kuma nemi a yi kyauta gwargwadon hali.

Saura aiwatarwa. Mafi yawan Zamfara tana cikin Dayosis ɗin Sakkwato, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah yake shugabanta tun 2011. Shari'ar tana bukatar shaidu da takardun ɗaurin aure, kuma sau da yawa suna can garin asali a kudu, ga hanyoyin Shinkafi da Zurmi da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. Ya kamata dayosis ya riƙa tura mai ɗaukar shaida zuwa inda mutanen suke, maimakon a jira su zo Sakkwato.