Sarauniyar da ba ta jin Hausa

A shekara ta 1899 ne Sarauniyar Lugu, cikin ƙasar Arewa, ta ja daga da rundunar Voulet da Chanoine. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo kuwa ya mai da shi silima a 1986, har ya ci babbar kyautar FESPACO ta 1987 a Wagadugu.

Amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, aka ba Aï Keïta matsayin Sarauniya. Babu mai musun gwanintarta, tsayuwarta da kallonta duk na sarauta ne. Sai dai in ta buɗe baki, harshen Jula ke fitowa, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tsohuwar Dogonduci, wadda ta gaji labarin daga kakanninta, sai ta nemi tafinta kafin ta ji abin da Sarauniyarta ke faɗa wa mayaƙa.