Ba Kowane Shago Ne Wurin Yoga Ba

'Yan uwa marubuta, mun gaji da wannan labarin: jaruma ta dawo daga Indiya, ta kama shago mai gilashi a bakin Zoo Road, ta buɗe wurin koyar da yoga, kafin babi ya ƙare mata sun yi dafifi. Haba! Anya mun taɓa tsayawa a Zoo Road da biyar na yamma?

Yoga numfashi ne da natsuwa. Wa zai natsu hon ɗin A Daidaita Sahu yana dukan kunnensa, janaretan mai walda yana girgiza bango? Bakin titi na mai sayar da waya ne, shi yake neman idon jama'a. Matar da za ta kwanta a ƙasa tana lanƙwasa jiki kuwa, tambayarta ta farko: wa zai leƙo? Gilashin da muke ta kambamawa shi zai kore ta.

Mu shigar da jarumarmu cikin layi. Gida mai katanga, falo marar ginshiƙi a tsakiya, ɗakin canza kaya, tagogi masu kallon juna saboda zafin Afrilu idan an ɗauke wuta. Shimfiɗar mutum ɗaya ta kusa mita 2. Mu auna falon kafin mu rubuta "mata talatin".

Sai kuɗin hayar shekara da la'adar dillali. Daga aljihun wa? Don Allah ban da Alhajin nan da muke fito da shi a shafi na 40.