Cirar Auduga: Hannu Ko Inji, Arha Ga Wa?

Jama'a, akwai wata gardama da masu ilmin noma suka daɗe suna yi a kan gonakin auduga na ban-ruwa, watau wanne ya fi arha, a cire auduga da hannu ko a sa inji. Waɗansu sun ce inji, waɗansu sun ce hannu, kowa da lissafinsa a takarda. Mu dai ra'ayinmu, kafin a ce abu ya yi arha sai a faɗi ga wa. Duk ɗan kasuwa ya san cewa arhar mai saye ita ce faɗuwar mai sayarwa.

Bari mu fara da yadda aikin yake. Auduga ba ta buɗewa rana ɗaya. Mai cira da hannu yakan zaga gona sau uku ko fiye, ya ɗauki wadda ta buɗe, ya bar ɗanya sai wani zagaye. Don haka audugarsa takan fito fes, ba ganye ba kara, irin wadda ake kira lamba ɗaya a fuloti. Mai gona ba ya zuba jari tun da wuri, sai an cire an auna ya biya.

Inji kuwa iri biyu ne. Akwai mai tsinkaye masu juyawa, suna naɗe audugar da ta buɗe suna barin itacen. Akwai kuma mai tsefe komi gaba ɗaya, har ɓawo da kara. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, amma audugarsa ta fi datti. Ko wanne ne, sai an ɗauke ruwa ƙasa ta bushe, an fesa maganin kakkaɓe ganye, layi ya miƙe, gona ta yi faɗi. Sai kuma gidan gurza ya ƙara injunan tacewa. Ga mai, ga makanike, ga kayan gyara daga ƙasar waje. Watau kamar ɗan kasuwa ne ya sayi babbar mota maimakon ya ɗauki 'yan dako. In kayansa sun cika ta kullum, ya ci riba. In buhu biyar gare shi, motar ce za ta cinye shi.

To, a dubi Jazira ta ƙasar Sudan, inda 'yan'uwanmu suka zubad da gumi. An gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka ja ruwan Nilu zuwa filin da daga baya ya kai wajen eka miliyan 2. Aka yanka wa kowane manomi eka 10 ta auduga. In an sayar, cikin kashi 100 gwamnati ta ɗauki 40, kamfanin Turawa 20, manomi 40. Amma ladan masu cira daga cikin kason manomi yake fita. Ashe ke nan gwamnati da kamfani ba abin da ya dame su da tsadar cira, shi kuwa manomi ba shi da hanyar tsira sai ya matse wanda ke ƙasa da shi.

Su wane ne a ƙasan? Da yawansu mutanenmu ne, Hausawa da Filani da Barebari, waɗanda ake kira Fallata ko Takari. Waɗansu sun bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗansu maniyyata ne da suka tsaya neman guzuri a hanyar Makka, shekara ta zama goma. Da su da mutanen Darfur aka zaunar a bukkoki a gefen magudanan ruwa, wuraren da ake kira kambo, jikokinsu da yawa ba gona ba takardar fili. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan aka ce hannu ya fi arha a Jazira, gaskiya ne, amma talaka ne ya biya arhar da bayansa. An gwada injin cira a shirin Rahad da aka buɗe a 1977, bai kori hannu ba. Ina inji zai ja da mutumin da ake biya abin da bai kai ya kawo ba?

Yanzu sai a dubi ɗaya ɓangaren, jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ita ma auduga sai da ban-ruwa. A 1933 masu gonaki suna biyan santi 60 a kan laba 100. Masu cira wajen dubu 18, yawancinsu 'yan Meksiko, suka yi yajin aiki suna neman dala guda. Aka harbe waɗansu, aka tsaya a santi 75. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe 'yan ƙwadago, lada ya tashi, sai masu gonaki suka juya ga inji, wanda guda ɗaya yakan yi aikin mutum arba'in ko hamsin. Gonakinsu manya ne, ga banki a bayansu. A 1950 audugar Amurka da inji ya cire ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Kafin 1970 kusan duka shi ke cirewa. Lissafin mai gona ya fita sarai. Mai cira kuwa ba a rubuta sunansa cikin lissafin ba, sai ya naɗe tabarmarsa.

Kun ga inda maganar ta tsaya. Inda ƙwadago ba shi da daraja, hannu ne arha. Inda ya yi daraja kuma gona ta yi faɗi, inji ne arha. A duka biyun mai riƙe da alƙalami ne ya yi wa kansa lissafi.

Mu ba ma gaba da inji. Wanda ya taɓa yini a sunkuye cikin auduga ba zai yi wa ɗansa fatan wannan aiki ba. Abin da muke cewa shi ne, a yi lissafi cikakke. In hannu za a yi, a biya lada na gaskiya, a auna a gaban mai cira, sikeli ba ha'inci. In inji za a kawo, ya zama na ƙungiyar manoman da suka haɗa gonakinsu, kada ya zama na wani babba da zai bi su da bashi har ya raba su da ƙasarsu. A kuma faɗi tun yau aikin da za a ba waɗanda inji zai sallama, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Audugarmu ta Funtuwa da Gusau ta damina ce, da hannu ake cirarta. Amma duk ranar da wani ya zo muku da takarda ya ce ga hanya mai arha, ya ku talakawa, ku tambaye shi: arha ga wa? In ya yi shiru, to, ku ne za ku biya.